Ɗan Gwankin Alhaji Yazid

Barewar ta haihu da hantsi, kafin azahar ta ƙi ɗanta. Ta shinshina shi, ta ja da baya, da ya miƙo baki wajen nono ta sa ƙafa ta ture shi.

Ma'aruf ya rungume shi ya nufi gida. Gidan nasa ɗaki biyu ne bayan kejin birai, a cikin gidan namun dajin da Alhaji Yazid, wani attajirin hatsi, ya gina a bayan garin Daura. Aikin Ma'aruf kula da dabbobi masu kofato. Ɗakunan kuwa na aikin ne. Ranar da aiki ya ƙare, ranar za a fita.

Matarsa Haulatu ta tare shi a bakin ƙofa, ta karɓi ɗan barewar kamar daga hannun unguwarzoma. Sun tsufa tare babu haihuwa. Ciki kan shiga, ya fita kafin ya yi ƙwari. Ta daina zuwa suna tun da daɗewa. Ba ta da wani abin sha'awa sai tsabtar ɗakinta da kwalbar humrarta. Amma in akwai maraya a gidan sai ta koma yarinya, ta dafa madara, ta cika bulumboti, ta goya shi tana masa waƙa. Ran da aka yaye shi aka mayar keji, ta kwanta ta fuskanci bango, abinci sai da lallashi.

"Wace irin uwa ce wannan?" takan ce. "Allah ya ba ki, ki ƙi."

A shekarar nan abin ya yi yawa. Gada ta ƙi nata, barewa ta ƙi, wata barewar ma ta ƙi. Ba duka suka rayu a kan madarar shanu ba. Wasu zawo ya ɗauke su a cinyar Haulatu. Alhaji ya fusata, don masu kallo uwa da ɗanta suke son gani.

Munzali, tsohon maharbin da ke aiki tare da Ma'aruf, shi ne ya yi gangancin buɗe baki. Ya ce dabbar dawa ba ta ƙin ɗanta haka kawai, sai in ta ji wani wari a jikinsa wanda ba nata ba. Alhaji ya tambaya su wa ke riƙe da makullin garken haihuwa. Biyu ne: ɗaya a aljihun Munzali, ɗaya a ƙusa a ɗakin Ma'aruf.

Ma'aruf ya tuna da ɗakunan nan biyu, ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ni dai ban gani da idona ba. Amma hannun Baba Munzali ba ya rabuwa da taba."

A gaban 'yan kallo aka sa tsohon ya tuɓe rigar aiki. Ya naɗe tabarmarsa ya kama hanyar garinsu, Babban Mutum, inda ba shi da kowa sai kaburburan iyaye. Bai dubi Ma'aruf ba. Da damina aka ji ya rasu a zauren wani.

Bayan haka aka kawo gwanki ta bakin iyakar Kongolam, mace, doguwa, ƙahonta a tanƙware, cikinta ya tsufa. Alhaji ya sa aka yi shela a gari, ya gayyaci manyan baƙi su zo ganin ɗan in an haifa. Ya kira Ma'aruf ya tuna masa cewa yanzu makulli ɗaya ne, kuma babu sauran mai taba a gidan.

Ta haihu ranar Jumma'a da safe. Ma'aruf ya tsaya daga nesa, ko shinge bai taɓa ba. Ya ga ta lashe ɗan tas, ya ga ya miƙe yana tangaɗi, ya kama nono. Sannan ta kwantar da shi cikin ciyawa, ta tafi can ƙarshen garke tana kiwo, kamar yadda irinta ke yi a dawa. Tun tafiyar Munzali, ran nan ne Ma'aruf ya fara jin numfashinsa ya sauka har ciki.

Ya ba Haulatu labari yana cin abinci. Ta ce Allah ya raya, ta tambaya ko namiji ne, da ta wane gefe ya kwanta. Ta miƙo masa farar rigarsa. Ya rataye makulli ya tafi masallaci.

Da ya dawo ya tarar da uwar a lungu tana huci, hancinta na rawa. Ɗan yana jikin shinge, haƙarƙarinsa a lotse, ƙudaje sun riga sun sauka. Gwanki ba barewa ba ce. Ba ta tsayawa a turewa.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce kafin magariba a bar masa ɗakunansa.

Ma'aruf ya doshi gida yana neman kalmar da zai fara da ita, don babu wanda ya riga shi kai mata labari. Ya same ta zaune a tabarma, zanen goyo a shimfiɗe, bulumboti cike a cikin kwanon ruwan ɗumi. Ta miƙe da fara'a, ta dubi hannuwansa.

"Ina yake?"

Ya ce uwar ta kashe shi, ya ce mata ta tashi ta ɗaure kaya.

Ta daɗe tana kallon madarar.

"Malam," ta ce a hankali, "wallahi humrar kaɗan na shafa masa. Ba ta kai wadda nake shafa wa 'ya'yan barewa ba."