Ƙwarin Ranar Talata

Hoto na biyar ya shigo wayarta tana cikin wanke kwalaben gwaji. Ta goge hannu a jikin farar rigar aiki, ta buɗe shi. Tsutsa ce, ruwan ƙasa da ɗigon fari, ta kwanta a kan ganyen tumatir sai ka ce kashin tsuntsu. A gefenta ga kwalin ashana. Kullum da shi Baba yake ɗaukar hoton, har ta taɓa yaba masa, ta ce hakan na nuna mata girman ƙwaro.

Ba ta gama kallo ba ya kira.

"Auta, likitar tsutsa. Kin ga baƙuwar tawa?"

"Na gani, Baba. Wannan ai ganyen lemo take ci. Me ya kai ta kan tumatir?"

"To, ni na yi jami'ar? Ke za ki gaya min."

"Ta ci ganye?"

"Na riga ta."

Daga nan ya tambaye ta ko ta karya, ko an gyara famfon ɗakinta, ko tarin nan ya sake ta. Sai da suka ci rabin awa.

Shekararta ɗaya da samun aiki a wata cibiyar binciken ƙwarin amfanin gona, tafiyar yini guda daga gida. Wata takwas ke nan da rasuwar Mama, kuma tun da aka watse daga zaman makoki ba ta sake taka gidan ba. Da farko takan kira Baba, amma ashe Mama ce mai riƙe musu hira. Da an gama gaisuwa sai su yi shiru, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, har ɗaya ya ce sai an jima. A hankali kiran ya koma na wata-wata. Ta tashi aiki, ta koma ɗakinta, ta ci abinci a tsaye, ta kwanta.

Ana haka Baba ya tsinci wani ambulan a cikin akwatin Mama. Irin tumatir ne, wanda ta yi shekaru tana tsamewa daga shukarta tana ɓoyewa. Ƙwaya goma sha takwas suka rage. Ya shuka su a gwangwanayen madara a baranda, sha ɗaya suka tsiro. In waɗannan suka mutu, irin Mama ya ƙare ke nan.

Sai ga ƙwari. Kowace Talata da sabon baƙo. Na farko ƙwaron wake ne. Na biyu tsutsar da ke huda karan masara. Akwai wani kore da sai da ta kwana biyu a cikin littattafai kafin ta gano na kabeji ne. Duk ta san su, amma ba ta san abin da ya tara su a baranda ɗaya ba, a gidan da ko bishiya babu.

Zarginta ya tsaya kan wani tsoho mai lambu, wanda Baba ya ce yana leƙo shi a kan keke duk Talata. Ta yanke cewa taki yake kawo wa Baba, a ciki ƙwarin ke zuwa.

"Ka daina karɓar komai a hannunsa, Baba."

"Bawan Allah, ba ruwansa."

Ta kai wa shugabar sashensu hotunan, tana ganin ƙila ta gano wani sabon abu. Matar ta duba ta saman tabarau, ta miƙo mata wayar. "Ƙwaro ba ya canza abinci don ke kina son rubuta takardar bincike. Je ki gani da idonki."

Ta ɗauki hutun kwana uku, ba ta gaya wa Baba ba. Da la'asar ɗin Litinin ta isa.

Baba ya rame. A kicin kwano ɗaya ne a kife, kofi ɗaya, cokali ɗaya. Ya rasa inda zai sa ta, ya kakkaɓe kujera sau biyu, ya ce da ta faɗa ai da ya yi cefane. Ita ko jaka ba ta sauke ba ta wuce baranda da gilashin duba ƙwari.

Ta durƙusa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta juya kowane ganye, ta tona ƙasar da tsinke. Sha ɗaya cif, kore shar. Babu huji, babu ƙwai, babu ko ɗigon kashin tsutsa.

"Sun ji labarin zuwanki, sun gudu," in ji Baba daga bayanta. Bai matso kusa ba.

Da safe yana banɗaki ta ji ƙararrawar keke a bakin ƙofa. Ta yafa mayafi ta fita, ta riga ta shirya abin da za ta faɗa wa mai lambun.

Tsoho ne siriri, hannuwansa duk ƙasa. Ta leƙa bayan keken, babu buhun taki. Ya gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwar da ba a sani ba, ya tambayi maigidan. Ta ce yana wanka. Ya laluba aljihu, ya zaro kwalin ashana, ya ɗora mata a tafin hannu a hankali.

"To, ba shi wannan, 'yar nan. Tsutsar nan a jikin gwaiba na samo ta, da ƙyar. Ki ce ya kwantar da hankalinsa, ita ma ba ta cin tumatir, kuma wannan karon sai 'yar tasa ta yi awa guda a waya kafin ta gane ta."