Saura Biyu, Babana

"Saura biyu, Babana."

Ya ji ta sarai, gwiwoyinsa ne ba su ji ba. Ya dafa kujera ya yunƙura, ya miƙe rabi, ya koma ya zauna jagwab. Ɗakin motsa jikin asibitin ya cika da nishin tsofaffi da ƙarar fanka guda da ke kaɗa zafi daga wannan lungu zuwa wancan.

"Na gaji, Ummi."

"Na sani. Saura biyu."

Bai musa ba. Bai taɓa iya musa mata ba. Ya yi biyun, zufa tana ɗiga daga haɓarsa.

Shekara ashirin da takwas ya yi a zaune bayan tagar sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa. Kujerar ta cinye masa cinyoyi ta bar masa tumbi. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, likita ta ce jijiyar zuciyarsa na buƙatar aiki, amma jikin ba zai ɗauki wuƙa ba sai tsoka ta dawo. Ya karɓi takardar atisayen da ta rubuta masa, ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Tun rasuwar matarsa ba abin da yake so kamar a ƙyale shi ya kwanta.

Sai Ummi ta tattaro kayanta ta dawo gidan. Ba ta yi masa faɗa ba. Mako biyu tana dafa masa abinci marar gishiri tana kallonsa. Ran nan ta shigo da kati a hannu ta ce akwai ajin tsofaffi a asibiti, Litinin da Laraba da Asabar, ƙarfe takwas na safe, kuma tare za su riƙa zuwa.

Dokar mai horarwa guda ce: ba a zaman kallo. Duk wanda ya rako wani, shi ma sai ya ja igiyar roba, ya ɗaga ƙarfe, ya zagaye farfajiya sau shida. Haka suka yi wata biyar kafaɗa da kafaɗa. Ita takan gama nata ta tsaya tana ƙirga masa nasa. Wani tsohon tela mai haƙori uku ya sa masa suna Jirgin Kaya, wai ga nauyi ga jinkiri. Ɗaki ya ɗauki dariya, shi kuwa ya sunkuyar da kai don kunya, ya ƙi cin abincin rana.

Sau uku yana cewa ya daina. Sau uku yana fitowa tsakar gida ya tarar da ita ta ɗaure takalmi, tana zaune a bakin ƙofa da gorar ruwa biyu.

"In ba za ka ba, ni zan tafi," takan ce.

Sai ya koma ciki ya nemo hularsa.

Ranar awo aka kwantar da su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin na'ura, aka ɗebi jini, aka sa su matse wani ƙarfe da hannu. Bayan mako guda likita ta kira su. Takardu biyu ne a gabanta.

"Kitsen cikinka ya ragu," ta ce masa. "Tsokar cinya ta ƙaru, ba da yawa ba, amma ta ƙaru. Ka san a cikin kowace ƙwayar tsoka akwai 'yan injina da ke mayar da abinci ƙarfi. In an zauna sai su mutu ɗaya ɗaya, in an motsa sai su farfaɗo. Naka sun fara farfaɗowa."

"To aikin fa?"

"Ba yanzu ba. Ƙara mini wata uku."

Wata uku. Ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a wuya. Likita ta ɗauki takarda ta biyu, ta dubi Ummi ta saman tabarau.

"Ke kuma na hana ki zagaye shida tun watan jiya. Idon sawun nan ba ya so."

"Yana so," in ji Ummi.

Bai san da wannan maganar ba. A baranda ta nemi benci ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta cire takalmi ɗaya. Idon sawun ya kumbura suntum, an naɗe shi da ƙyalle. Ya tsaya a kanta yana kallo.

"Tun yaushe?"

"Ba ruwanka."

"To mun daina. Wallahi mun daina. Ni dai a bar ni yadda nake."

Ta ɗago ta dube shi. Gajiyar da ke fuskarta ta fi tasa.

"Kana tsammani don lafiyata na sa sunana a ajin nan? Likita ta ce ka zo ka ƙi. Na san abu guda ne ba za ka iya ba, ka bar ni in hau mota ni kaɗai. Shi ya sa na karɓi katin da sunana, ka zama ɗan rakiya."

Ta miƙo masa hannu. Ya kama, ya ja, ya ji da mamaki ya tashe ta cak ba tare da ya dafa bango ba.

"Asabar ƙarfe takwas," ta ce, tana jingina da kafaɗarsa. "Sunan mahaifina na sa maka, shi kuwa sai da ya kai casa'in. Kai hamsin da ɗaya kake. Shekarata saba'in da shida, Babana, kuma ban haife ka don ka riga ni tafiya ba."