Maginin da Ya Yi wa Fuskarsa Yaɓe

Tun da ka shigo ƙafarka ba ta daina kaɗawa ba, to zauna in ba ka misalin wani magini. Gwanin yaɓe ne, in ya bi bango da cokalinsa sai ka rantse hannu bai taɓa wurin ba. Sai dai mai gyara bangon mutane ya rasa yadda zai yi da fuskarsa. Tun yana yaro wasu ’yan tsiro jajaye suka fito masa a kan hanci da kumatu, kamar an watsa masa gero, yana girma suna ƙaruwa, in ya share gumi da ƙarfi har jini suke yi. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma jifa ba. Gado ne, a jini yake, mahaifiyarsa ma da su ta koma ga Mahaliccinta. ’Yan unguwa sun saba har sun daina gani, shi ne dai bai saba ba. Duk inda aka ɗaga waya za a ɗauki hoto sai ya tuna yana da uzuri. Ana nan sai saukar Alƙur’anin ’yarsa ta fari ta matso, ta same shi ta ce, “Baba, ni ba na son atamfa, ba na son komai. Ranar sauka ka tsaya kusa da ni a hoto, shi ke nan.” Ya yi mata alkawari, daga ranar kuwa zama ya gagare shi. Ya nufi babban asibiti, likitar fata ta duba shi ta rubuta masa wani man shafawa garai-garai a ɗan bututu irin na man goge baki. Ta ce safe da yamma ya lakato kaɗan ya shafa sama-sama, kada ya kai shi kan rauni, ya kare fuskarsa daga rana, ya kuma yi haƙurin mako goma sha biyu. Ya ƙirga da yatsu a gabanta, sauka saura mako shida.

Mako uku ya yi yana bin umarni, har da sayen malafa. Ya duba madubi kafin ya fita, ya duba gilashin tagar gidan da yake aiki, ya leƙa ruwan duro. Matarsa ta ce jan ya fara raguwa, ya ce daɗin baki take masa. Sai zuciya ta fara raya masa ilimin magina. Ai shi ya san bango: ba a ɗora yaɓe sai an karce wurin don ya kama, shafa ɗaya ba ta rufe gargada, rana kuma ita ke busar da aiki. Likita ta yi karatu, gaskiya ne, amma shekara nawa ta yi tana mai da abu sumul? Ya samo soso mai kaushi ya dirje kumatunsa har suka ɗau zafi, ya matso man ya lafta da kauri, ya rataye malafa a ƙusa, ya hau tsani ya miƙa wa rana fuska. Da ya ji raɗaɗi sai murna ta kama shi, wai magani ya fara ci. Da azahar ya ƙara, da la’asar ya ƙara. Mutumin da ko za a yanka shi ba zai bari a taka simintin da aka zuba jiya ba, shi ne ya hana fatarsa hutun wuni guda. Abin tausayi, abin haushi. Cikin kwana goma bututu ya ƙare, fuska ta kumbura ta yi jawur, ta tsattsage tana ruwa, ko alwala sai ya cije leɓe. Ya koma asibiti lulluɓe da hirami. Likita ta duba shi ta ce a ajiye maganin gaba ɗaya sai fata ta warke, wata guda ko fiye, kafin a faro ƙirgen mako goma sha biyun daga ɗaya.

Ranar sauka aka kafa rumfa a filin makaranta, bayan gidansa kaɗan. Yana ɗaki, fuska duk ɓawon ciwo, yana jin lasifika tana kiran sunayen masu sauka, yana kai-komo tsakanin ƙofa da gado. Sau uku yana sa hula, sau uku yana cirewa. Da tsiron ne kawai da ya daure ya fita, don kowa a filin nan ya san shi da su, amma wannan fuskar shi kansa tsoro take ba shi. Yarinya ta yi karatunta tiryan-tiryan. Da aka zo hoto ta ce a dakata, babanta na hanya. Ta tsaya rungume da allo tana leƙen ƙofar makaranta, har ’yan layi suka fara tsaki, aka ɗauke ta ita da mahaifiyarta. Da ta dawo gida ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Baba, ni ban ce ka canza fuska ba. Wadda na san ka da ita na ce ka kawo.”

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, garin neman gira a rasa ido.