Kan Gamsheƙa

"Babu abin da ke motsi a gidan nan ba da sanina ba," in ji maigida, yana riƙe da kyanwar a ƙeya. Dare na uku ke nan tana hana shi barci, tana kuka tana yakushin ƙofar ɗakin hatsi.

"Malam, ba banza take yi ba," matarsa ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka haska ɗakin mana. Shimfiɗar jaririya a jikin bangon take."

"Ni da na karanta ilimin dabbobi a jami'a? Iskanci ne kawai. Ɗakin take so? To ta kwana ciki."

Ya jefa kyanwar ciki, ya ja sakata.

Kwano ya faɗi. Sai wani huci da ba na kyanwa ba. Matar ta sungumi jaririya ta fito tsakar gida.

"Malam, buɗe mata!"

"Sai da safe," ya ce, yana ja da baya.

Da gari ya waye ya tura ƙofar da sanda. Ga gamsheƙa a miƙe, wuyanta a tattaune, dab da ramin da ya ɓulle ɗakin jaririya. Kyanwar na gefe, fuska a kumbure, ba numfashi.

A Daura, tun zamanin rijiyar Kusugu, wanda ya nuna kan maciji shi ya kashe shi. Maigida ya ɗauko wuƙa ya datse kan gamsheƙar. Kafin hantsi maƙwabta sun cika ƙofar gida: "Sannu, namijin duniya!"

A bayan ɗaki matar na haƙa wa kyanwar rami da fartanya, a hankali, don kada ta katse masa labari.