Mafarkin da Na Ƙirƙiro wa Baba

Da ana janye magana, da na janye wadda na yi wata la'asar a Zongo. Baba ya zaunar da ni a shagonsa, yana ƙanshin goro da man keken ɗinki. Keken kuwa ba ya nan, wai an kai gyara.

"Ɗan Baba, me ka gani a barci?"

Ban ga komai ba, amma ina son ya ci gaba da shafa kaina. Na ce kifi na gani a kasuwar Dantokpa. Ya mai da kifin lamba, ya miƙe zai tafi wurin masu cacar loto.

Inna ta leƙo. "Malam, ka sayar da keke, yanzu mafarkin yaro za mu ci?"

Har yau ina kewar hannun nan. Amma in naku uban ya fara neman lambar caca a bakin yara, don Allah kada ku biye masa kamar ni.