Gwangwanin Ƙarshe a Kabad ɗin Neville

Neville Haydock ya ɗora ƙwaya ɗaya ta albarushi a kan sikeli, ya jira allurar ta tsaya, sannan ya cire ta. Wai ta yi yawa.

Da hannu yake ɗura harsashinsa, kamar sauran 'yan ƙungiyar harbin saiti ta garinmu a yammacin jihar New South Wales. Kowa a cikinmu ya san cewa albarushi, ko da sunansa ɗaya masana'antarsa ɗaya, haɗin bana ba ya ci daidai da haɗin bara. A harbi mai nisa, ɗan wannan bambancin ya isa ya kai harsashi gefen allo. Don haka duk wanda ya sayi sabo sai ya sake gwaji daga farko.

Ban da Neville. Tun gashinsa yana baƙi ya dace da wani haɗi da ya yi wa bindigarsa daidai, sai ya kwashe duk gwangwanayen da ke ɗauke da lambar haɗin daga kantin Lindsay, ya jere su a kabad ɗin katako a ɗakin ajiya. Daga ranar bai sake sayen albarushi ba, kuma bai bar kowa ya manta da hakan ba.

"Da hanci kawai nake gane wani haɗi," yakan ce a wurin shan shayi bayan gasa. "Lindsay, yaushe rabon da na sayi albarushinka?"

"Kai dai kam ba ka saya ba, Nev," in ji Lindsay, yana gutsurar kek.

Matarsa Merle ce mai yin kek ɗin. Ita ce kuma mai riƙe da mabuɗin kabad ɗin, tun yaransu suna ƙanana masu taɓe-taɓe. Yaran suka girma suka koma birni, mabuɗin bai bar aljihunta ba. In gwangwani ya ƙare Neville ya ajiye shi a bakin ƙofar kicin, da safe ya tarar da cikakke a kan teburin aikinsa, da tsohuwar lambar nan a jikinsa. Mutumin da bai san inda ake ajiye safarsa ba, ba shi zai tsaya binciken kabad ba. Ya dai ci kofuna har suka rasa wurin zama a falo.

Merle ta rasu a cikin hunturu, ba ta daɗe tana jinya ba. Garin ya yi kewarta ƙwarai. Ƙungiya ta yanke shawarar sa sunanta a kofin bana, shi kuma Neville ya tashi a taro ya ce ba gidan da kofin zai kwana sai gidanta. Iyakar abin da ya faɗa ke nan game da rasuwar, kuma mun gane.

Ya samu mabuɗin a aljihun rigar sanyinta. Da ya buɗe kabad ɗin, gwangwanayen suna nan a jere, a goge, murafensu sun sha murɗawa har fentinsu ya koɗe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa. Duk fanko ne, sai guda ɗaya mai ɗan saura a ƙasa, wanda ba zai kai shi ko rabin gasar ba. A kusurwa ya ga ƙaramin mazurarin kicin. Ya yi tsaki ya mayar da shi cikin cokula.

Ya buga waya kantuna har jihar Queensland yana karanta musu lambar. Wani ya tambaye shi ko gidan tarihi yake nema. Da ranar gasa ta matso, dole ta sa ya shiga kantin Lindsay ya ɗauki sabon gwangwani da yatsu biyu, kamar wanda ya ɗauki mataccen ɓera.

Ranar Asabar ya kwanta a filin harbi ya gwada. Tun kafin ya ja kunama yake gunaguni. Harsasan suka watsu a allo, wani sama, wani gefe. Ya gwada uku daga cikin tsohon gwangwanin, suka shige kusan rami ɗaya. Ya daɗe a kwance yana kallon allon.

Litinin da safe ya dire sabon gwangwanin a kan kantar Lindsay, ya ajiye bindigarsa a cikin jakarta kusa da shi.

"Riƙe yashinka," ya ce. "Ita ma wannan ka nema mata mai saye. Na daina."

"Kofin Merle fa?"

"Da me zan ci shi? Haɗin nan ya ƙare, ni ma na ƙare. Dama shi ne yake harbin, ba ni ba."

Lindsay ya juya gwangwanin ya duba lambar. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dubi ƙofa kamar yana jiran wata ta shigo ta hana shi magana.

"Ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba, amma ba ta ce har bayan ranta ba," ya ce. "Nev, haɗinka ya ƙare tun autanku yana firamare. Duk shekara Merle ke zuwa ta ɗauki duk wanda ta tarar a kantin nan ta juye maka a tsofaffin gwangwanaye. Ɗan sauran da ka harba ukun nan da shi kuwa, kwalinsu ɗaya da wannan yashin da ka dawo min da shi."