Mai Wankin Gidan Tersteeg

Shekara biyu Wies Tersteeg tana zuwa ajin koyon harshen Jawa na ƙasar Indunusiya a birnin Den Haag na Holan, duk Talata, da furfurarta da komai. Malamin ya ɗauka kewar ƙasar kakanni ce. Mu da muka san ta mun san ba haka ba ne. So take ranar da za ta ci mutuncin wasu mutane a can ta yi shi da harshen da za su ji.

Duk wanda ya taɓa cin shinkafa a gidansu ya san labarin, don ubanta Bertus ba ya tashi daga tebur bai maimaita shi ba. A 1943, a garin Magelang na tsibirin Jawa, sojojin Japanawa suka zo rajista: Bature zalla a kai shi sansanin fursuna, mai jinin 'yan ƙasa a bar shi a gida. Kakanta Rudolf, wanda hoton uwarsa Baturiya 'yar Utrecht ta Holan ke rataye a falo, ya ce wa jami'in uwarsa 'yar Jawa ce. Ba takarda. Jami'in ya nemi shaida, aka kira Mbok Ginem, tsohuwar da ke wanki a bayan gida tun kafin 'ya'yan Rudolf su yi wayo.

Ƙarya ɗaya tak ake so ta yi, in ji Bertus. Ga matar da aka ciyar da ita, aka tufatar da ita, aka ba ta ɗaki kusa da rijiya.

"Ginem, faɗa masa," in ji Rudolf.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Maigida Bature ne gaba da baya. Ga uwarsa can a bango."

Wata goma sha ɗaya ya yi a sansani, atini ya kashe shi. Ginem kuwa ta ɗaure ƙunshinta a ranar, ta kama hanyar ƙauye.

Da Bertus ya zo mutuwa bai bar wa Wies wata wasiyya ba sai wannan: ta nemo zuriyar matar, ta gaya musu ido da ido abin da uwarsu ta yi. Ta yi alkawari, kuma Wies ba ta iya saki ba. Ta bi ma'ajiyar takardu ɗaya bayan ɗaya. Takardar haihuwar Rudolf ba ta samu ba, matar Utrecht ma babu ita a kowane littafin coci, amma ai yaƙi ya ci takardu da yawa. A bayan wata tsohuwar wasiƙa ta tsinci sunan ƙauyen.

Can ta tarar da Mbah Parti, 'yar ƙanwar Ginem, mai shekara kusan casa'in, tana tsince wake a baranda. Aka kawo shayi, Wies ta ƙi taɓawa, ta ƙi zama. Tana tsaye ta zazzage abin da ta haddace, ba ta rage komai ba, har azzaluma da butulu. Zuciyarta tafasa take, kuma daɗi ta ji.

"Ina 'ya'yanta? Ina jikokinta? A tara min su, da su na zo magana."

Tsohuwar ko gezau ba ta yi ba. Ta jima tana kallon fuskar Wies, musamman goshin.

"Zauna, 'yar nan, kin sha hanya. Labarin nan ai mun sani, ita da bakinta ta ba mu, kuma har ta koma ga Allah ba ta yi nadama ba."

"To ina zuriyarta?"

Mbah Parti ta ture faifan waken gefe. "Ɗa ɗaya ta haifa wa Baturenta, shi ne wanda kike ce wa kaka. Shekara talatin ɗan nan nata yana gaya wa baƙinsa ita mai wanki ce, ranar da Japanawa suka zo sai ta ce to, ta yarda."